Karce a Jikin Motar Pop

Wata yarinya 'yar aji biyar tana zaune da mamarta a garin Colac. Kakanta yana bayan layinsu. Sunansa Lindsay, amma ita Pop take ce masa.

Pop yana da mota mai ɗaki. A ciki akwai gado da murhu, da wani ɗan banɗaki wanda mai ƙiba ba ya shiga sai da dabara. Duk shekara, da sanyi ya kama, Pop yakan tuƙa ta ya nufi arewacin ƙasar inda ake zafi, kamar sauran tsofaffin garin.

A bana ya ce zai tafi da jikarsa a hutun makaranta. Mama ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"Hanyar da nisa," in ji Mama. "In Pop ya ce ki tsaya, tsayawa za ki yi. Ke kuwa kafin a gama miki magana kin kai bakin ƙofa."

"Zan ji magana, Mama."

"Za mu gani. Ranar Asabar ki je ki taya shi gyaran mota. Abin da ya faɗa mini a kanki, da shi zan yi aiki."

Ranar Asabar da safe yarinyar ta tarar da Pop a tsaye yana hararar motarsa. A jikinta akwai dogayen layukan ado na leda, shuɗi da ruwan ƙasa. Rana ta cinye su, duk sun tsattsage.

"Yau za mu raba ta da waɗannan," in ji Pop. "Sun girme ki, kuma sun fi ki taurin kai."

A bayan motar kuwa akwai ƙananan sitikun garuruwa. Waɗannan ba a taɓa su. Dokar matafiya ce: ba a manna sitikar gari sai an taka garin da ƙafa. Yarinyar ta san wannan tun tana ƙarama.

Pop ya jona abin busar da gashi a doguwar waya. Ya hura wa ledar iska mai ɗumi. Ya ɗaga gefenta da wani tsohon katin roba, ya ja a hankali. Gam ɗin da ya rage ya goge shi da tsumma da man itacen turare.

"Ɗumi, kati, mai," in ji shi. "Ban da ƙarfe. Jikin motar nan ba ƙarfe ba ne. Farin da kike gani shafe ne, kaurinsa bai fi na farcenki ba."

"Na ji, Pop."

"Me na ce?"

"Ban da ƙarfe."

"Madalla. Ashe kunnen yana aiki. Bari in je shago in sayo man goge mota."

Ya tafi. Yarinyar ta kama aiki.

Da farko abin ya ba ta sha'awa. Amma gari da sanyi, ledar kuma ta tsufa. Tana ja, sai ta tsinke. Ta sake hurawa, ta sake ja, ta sake tsinkewa. Abin da ke fita bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yatsunta suka yi ja. Ta dubi tsawon motar, ta ga ko kusurwar baya ba ta gama ba.

Sai idonta ya faɗa kan murhun gashin nama. A gefensa an rataye makankarin ƙarfe, mai faɗin baki. Kowane gida a nan yana da irinsa, kuma kowa ya yarda da shi fiye da kima. Abin da ya iya cire ƙonanniyar albasa, a ganin yarinyar, leda ba za ta gagare shi ba.

Ta duba titi. Babu kowa. Ta ɗauko shi.

Gaskiya makankarin ya yi aiki. Ledar ta riƙa fita kamar ɓawon lemo. Yarinyar har ta fara waƙa. Ta ƙara dannawa, don a gama da wuri.

Ƙiii!

Ta tsaya cak. A kusurwar baya, dab da sitikun garuruwa, ga karce mai tsawon yatsa. Farin ya tafi. A ƙarƙashinsa wani abu ne toka-toka mai zare-zare.

Ta shafa masa yawu. Bai tafi ba. Ta shafa man itacen turaren. Sai ma ya ƙara fitowa fili. Wata mota ta shigo layin, yarinyar ta ɗauka Pop ne ya dawo. Motar ta wuce.

Ta mayar da makankarin inda yake. Ta shiga cikin motar da gudu, ta buɗe aljihun kabad ɗin da ake ajiye cokula. A can ƙasa ta ga wata babbar sitika sabuwa fil, da hoton kada ya buɗe baki. An rubuta Cape York a jiki, sunan wani wuri mai wuyar zuwa a can ƙuryar arewa. Ba ta tsaya tunanin komai ba, girmanta kawai ta duba. Ta fito ta manna ta a kan karcen, ta danne da tafin hannu.

Karcen ya ɓace.

Pop ya dawo da gwangwanin mai. Ya dubi gefen motar, ya ɗaga gira.

"Kai! Duk ke kika yi wannan? Lallai mamarki za ta ji labari mai daɗi."

Yarinyar ta yi wani abu mai kama da murmushi. Ta koma ta tsaya a kusurwar baya, ta jingina, kamar wurin ya fi ko'ina daɗin tsayuwa.

Ana haka sai ga Mama ta shigo da abincin rana. A bayanta kuma ga Glenys, maƙwabciyar Pop, da farantin kek. Glenys tsohuwa ce mai babbar murya. Tana da jif, kuma babu lungun ƙasar nan da ba ta shiga ba. Ba ta ɓoye wa kowa hakan.

"Lindsay, har yanzu kana wa akwalar nan kwalliya?" in ji ta. "Matsa, 'yan mata, in ga aikinki."

Yarinyar ba ta so matsawa ba. Amma ba a jayayya da Glenys. Ta matsa.

Glenys ta sunkuya. Ta gyara tabarau. Sai ta fashe da dariya, har kek ya kusa zubewa.

"Lindsay! Yaushe ka je Cape York? Jiya bayan shayi?"

"Wace Cape York?"

"Ga ta nan a bayan motarka! Ni na kawo maka sitikar nan, don ka riƙa kallo kana jin haushi. Ban ce ka manna ba. Motar da ko kududdufi ba ta tsallakawa, ita ce ta ratsa kogunan kada?"

Ta zaro waya daga aljihu. "Tsaya in ɗauka. Sai 'yan kulob ɗinmu na matafiya sun ga wannan. Tsoho da ƙaryar tafiya!"

Pop ya zagayo ya duba. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ni ban manna wannan ba," in ji shi.

"To kadan ne ya hau da kansa?"

Pop ya shafa kansa. Ya sake duban sitikar, ya daɗe.

"Na dai ɗauko cokali a aljihun nan jiya," ya ce a hankali. "Ko na... A'a. Ban tuna ba."

Glenys ta daina dariya. Ta sauke wayar.

Mama ta ajiye kwanon abinci. Muryarta ta sauya. "Baba, ka manna abu a motarka, kuma ba ka tuna ba?"

"Na ce miki ban sani ba."

"Makon jiya ma ka bar murhu a kunne."

"Sau ɗaya ne!"

"Baba, ba faɗa nake yi ba. Amma in haka ta fara, ba zan ba ka yarinya ku kama wannan doguwar hanya ba. Kai ma sai mun ga likita kafin ka tuƙa."

Pop ya zauna a kan matakin motar. Ya dubi hannuwansa kamar na wani ne. Yarinyar ba ta taɓa ganinsa haka ba.

In ta yi magana, Mama za ta san ba ta ji magana ba, tafiya ta rushe. In ta yi shiru, tafiya ta rushe, kuma Pop zai kwana yana zargin kansa.

"Ni ce," ta ce. Muryar ba ta fita sosai ba.

"Me kika ce?" in ji Mama.

"Ni na manna. Pop bai manta komai ba."

Duk suka juyo. Glenys ta buɗe baki, ta rufe. Wannan ba ya yawan faruwa.

"Don me?" in ji Pop.

"Akwai abu a ƙarƙashi."

Pop ya dube ta. Ya dubi murhun gashin nama, inda makankarin yake rataye da ɗan farin gari a bakinsa. Ya miƙo mata abin busar da gashi.

"Cire mu gani. Yadda na koya miki."

Ta kunna. Ta hura ɗumi, ta sa kati, ta ja a hankali. Kadan ya fita lafiya lau, ko yagewa bai yi ba. Karcen ya bayyana.

Pop ya sa farce a ciki. Ya ja numfashi.

"Ya kai ciki," in ji shi. "Da mun tafi da shi haka, ruwan sama zai bi ta gefen sitikar ya shiga. Bangon ya jiƙa, ya kumbura. Sai mun yi nisa za mu sani."

"Yi haƙuri, Pop," in ji yarinyar. Hawaye suka zubo. "Ka ce ban da ƙarfe. Na gaji ne."

"Karcen bai dame ni sosai ba," in ji Pop. "Ana cike shi. Amma ɗazu, 'yar nan, na ɗauka kaina ne ya fara tafiya ya bar ni. Wannan ba daɗi."

Yarinyar ta ƙara fashewa da kuka. Wannan ya fi mata duk wani faɗa ciwo.

Mama ta ce, "Ɗauko jakarki. Maganar tafiya kuma..."

"Dakata," in ji Pop. "Wanda ya ɓata shi zai gyara. Ki bar mini ita gobe. In mun gama sai ki yanke hukunci."

Gobe kuwa ranar bikin haihuwar ƙawarta ce, har da zuwa wurin iyo. Yarinyar ta dubi Mama. Mama ta ɗaga kafaɗa. Ba a je bikin ba.

Washegari Pop ya kwaɓa wani farin abu mai warin tsiya. Yarinyar ta cike karcen da shi. Sai jira. Ta tambaya ko ya bushe. Pop ya ce a'a. Ta sake tambaya. Pop ya miƙa mata katin roba, ya nuna mata sauran layukan.

Ta cire su duka, ɗan guntu bayan ɗan guntu. Inda ledar ta fita, wurin ya fi sauran jikin fari, don bai taɓa ganin rana ba. Suka wanke motar da soso mai laushi. Da cikon ya bushe, ta goge shi da samfefa mai laushi da ruwa, har ya yi sumul. Sannan suka bi motar da mai, suna murzawa da tsumma. Kafaɗunta suka yi tsami. Ba ta ce ta gaji ba, ko da yake fuskarta ta faɗa.

Da yamma Mama ta zo. Ta zagaya motar. Ta nemi karcen, sai da aka nuna mata.

"To, Baba? Me za ka ce?"

"Ta ƙi jin magana, ta yi ɓarna, ta ɓoye," in ji Pop. Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Amma ta buɗe baki a lokacin da ba wanda yake zarginta. A hanya irin wannan nake so a kusa da ni. In abu ya lalace, gara a faɗa mini."

Mama ta juya wajen 'yarta.

"In kin yi kuskure a can, wa za ki faɗa wa?"

"Pop. Nan take."

"Ko da zai yi faɗa?"

"Ko da zai yi."

"To, je ki nemo rigunan zafi. Na san ba ki san inda kika jefa su ba."

Yarinyar ta daka tsalle, ta rungume Mama, ta rungume Pop, har da man mota a hannunta. Rigar Pop ta samu rabonta. Ya duba, ya ce dama tsohuwa ce.

Da aka yi hutu suka kama hanyar arewa. Motar tana sheƙi, tana kuma tafiya a hankali kamar kullum, manyan motoci suna wuce su.

Yarinyar ta gane cewa aikin da aka ce a bi a hankali, akwai dalili. Ta kuma gane abin da ya fi wannan: laifin da aka ɓoye ba ya ɓacewa, kan wani yake faɗawa, kuma sau da yawa a kan wanda kake ƙauna. In ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, ka gyara da hannunka.