Rafali da Mai Gyara

Talabijin ɗin gidansu ce ta ɗauke hoto ta bar murya, shi ya sa Auta ta rungumo ta zuwa shagon gyara wata Asabar da hantsi. Shagon ƙarami ne, cike da matattun rediyo da fankoki, ga ƙaurin ƙonanniyar waya. A kan teburin aiki wata talabijin marar murfin baya tana nuna maimaicin wasan resilin, kokawar Turawa. Mai Gyara da abokinsa Dogo sun ba ƙofa baya suna ta musu.

"Guguwa ne zai ɗauki bel ɗin zakara a babban wasan wata mai zuwa," in ji Mai Gyara. "Kamfanin resilin ɗin ba shi da wani tauraro sai shi."

"Ba zai kai wata mai zuwa ba."

Suka juyo tare. Wata budurwa ce tsaye da talabijin a ƙirji, idonta a kan wasan.

"Ku dubi yadda yake dirowa daga kan igiya," ta ce. "Duk nauyinsa a ƙafar dama yake saukewa. Gwiwar hagu ta tafi, ɓoyewa kawai yake yi. Ko su ba shi hutu, ko ita ta ba shi."

Mai Gyara ya karɓi kayan hannunta. "Malama, gyara kika kawo ko hukunci?"

"Duka biyun. A sashen gashin ƙashi nake aiki a asibiti. Irin wannan gwiwar ce abincina."

Ya manna takarda a bayan talabijin ɗin, ya rubuta lambarta. Da ta ce ya sa Auta, sai ya yi murmushi ya rubuta Rafali.

Kwana tara bayan nan kamfanin ya sanar cewa za a yi wa Guguwa aiki a gwiwa. Tana hutun rana saƙo ya shigo.

"Rafali, na durƙusa da gwiwata mai lafiya ina neman afuwa. Talabijin ta warke tuni. Ni ne dai ban warke ba."

Ta amsa: "Allah ya ƙara sauƙi. Nan gaba in manya na magana ka riƙa kasa kunne."

Daga nan hira ta ɓarke. Shi mugayen 'yan wasa yake so, masu zagin 'yan kallo da satar nasara. Ita kuwa gwanaye take so, waɗanda suka iya faɗuwa ba tare da sun karya abokin wasa ba. Ya ce Ɓauna ya cancanci bel, ta ce Ɓauna in aka ba shi makirufo sai ka rantse karatun takardar magani yake yi. Ta ce Zakanya ta fi duk mazan kamfanin iya wasa, a nan ne kawai bakinsu ya zo ɗaya.

Shi da Dogo suna da wani shiri da suke ɗauka da waya duk Lahadi a cikin shagon, su ɗora a intanet. Sunansa Bayan Ƙararrawa. Mai Gyara yakan rataya bel na roba a kafaɗa ya yi ta sharhi. Wata Lahadi ya karanta dogon bayanin da Auta ta aiko masa kan yadda kamfanin ke gaggawar dawo da masu rauni, ya ce, "Wannan ra'ayin wani mai kallonmu ne."

Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Rana ta huɗu ya rufe shago ya je ya tsaya a ƙofar asibiti lokacin tashi.

"Me na yi, Rafali?"

"Wani mai kallo," ta ce. "Yaushe na zama wani? Kunyar faɗin cewa mace ce ta rubuta kake ji?"

"Wallahi kare ki na yi. Kin ce Baba bai san kina kallo ba."

"Da sai ka tambaye ni. Ni ba na jin kunyar abin da na sani."

Ya sunkuyar da kai. "Na yi kuskure. Lahadi zan gyara a gaban kowa. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙarasa. Ni ba sharhinki kaɗai nake so ba. Aurenki nake so."

Ta gyara jakarta, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Fara gyara na farkon tukuna, Injiniyana."

Ya gyara. A shirin Lahadi ya ce bayanin na Rafali ne, mace ce, kuma ta fi shi da Dogo sanin wasan in an haɗa su.

Matsalar tana gida. Baba tsohon hedimasta ne, mutumin da ya yi shekara talatin yana hukunta yara kan ƙarya. Kuma yana da nasa zaɓin, ɗan amininsa, wani ma'aikacin ofis da yayyen Auta ke kira Ɗan Kwat don ko ana zafin da ya fi na kullum ba ya tuɓe ta. Da Ɗan Kwat ya ji labarin Mai Gyara, sai ya zo gaisuwa da waya a hannu. Ya nuna wa Baba bidiyon wani saurayi da bel na roba yana ihu: "Ina son Zakanya har cikin raina, duk wanda ya taɓa ta ya taɓa ni!"

Baba ya kira Auta falo, Umma na gefe.

"Wannan ne mutumin? Wace ce kuma Zakanya?"

"'Yar wasa ce, Baba. Ba ta ma san yana duniya ba."

"To ya fi muni. Ƙato da gemu yana ihu a kan faɗan ƙarya. Wanda ya saba tafa wa ƙarya, wata rana matarsa zai yi wa. Ban yarda ba."

Auta ta durƙusa. Ta ɗago kai ta ce:

"Baba, in kallon nan laifi ne, ni na riga shi. Tun ina makaranta nake kallo a waya. Shi ya sa ma na zaɓi aikin gashin ƙashi, don na ga yadda jiki ke karyewa a kuma tashe shi. Rabin abin da yake faɗa a shirin nan ni nake rubutawa. Ba zan yi aure ba da yardarka ba. Amma kuma ba zan ce maka ina son wani ba alhali ba na son sa."

Baba ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya tashi ya shige ɗaki.

Da yamma ta tura wa Mai Gyara saƙo da yaren resilin, inda sai an danne kafaɗa an ƙirga uku ake cin wasa: "An ƙirga mana ɗaya, an ƙirga biyu."

Ya amsa: "Ba a kai uku ba, Rafalina. Kafaɗata na sama. Ki roƙa min izini in zo in gaishe shi."

Sau biyu Mai Gyara yana zuwa, Baba yana sa a ce ba ya nan alhali ana jin tarinsa. A karo na uku Umma ta ce, "Malam, kai da kake ƙin ƙarya?" Sai ya fito.

Mai Gyara ya zauna a ƙasa, ya gaishe shi. Baba bai yi kwana-kwana ba.

"Samari, ka san abin nan da kuke kallo shiri ne?"

"Na sani, Baba. Wanda zai ci an riga an rubuta, kamar fim. Amma faɗuwar ta gaske ce, karayar ma ta gaske ce. Gwanintar muke kallo."

"In na ce ka daina gaba ɗaya in ba ka ita fa?"

Auta na bayan labule tana saurare. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita.

"Baba, in na ce na daina, na yi maka ƙarya. Zan iya ajiye bel ɗin roba, zan iya rage ihu. Amma zan kalla, ita ma za ta kalla. Gara ka hana ni a kan gaskiya da ka ba ni a kan ƙarya."

"Tashi ka tafi," in ji Baba.

Wata biyu aka yi babu labari. Ɗan Kwat ya ci gaba da zuwa, har ya ce wa Auta in sun yi aure zai raba ta da wannan shirmen. Ta ce masa, "Yaya, ka ajiye wahalarka. Wanda zai fara da raba ni da kaina ban ga abin da zai bar min ba." Bai sake dawowa ba.

Mai Gyara kuwa duk Juma'a sai ya zo ya gaida Baba a ƙofar gida, ko an amsa da "lafiya" ɗaya tak, ya juya. Dogo ya ce masa, "Kai wannan ai ko Ɓauna ba ya shan duka haka." Ya ce, "Ka bari, wasan bai ƙare ba."

Abin da ba su sani ba, Baba ya shiga bincike irin na hedimasta. Ya tambayi maƙwabtan shagon, ya tambayi wanda ya koya wa Mai Gyara aiki. Wata Talata ya sa hula ya je da kansa, ya zauna a bencin mai ɗinkin da ke kusa, inda ake jin komai. Ya ga wata tsohuwa ta kawo rediyo tana cewa a canja mata duk abin da ya mutu. Ya ji Mai Gyara ya ce, "Iya, babu abin da ya mutu. Waya ce ta saki, ga shi na mayar. Ki tafi abinki."

Da ya dawo gida ya kira Auta.

"Yaron nan naki, ihu gare shi kamar an taka wutsiyar kare. Amma na nemi ƙaryarsa wata biyu ban samu ba. Ki ce ya turo manyansa."

Auta ta fashe da kuka, ta kama hannunsa. Umma ta ce, "To kukan na mene ne kuma, ke da kika ci wasa?"

Saƙon da ta tura gajere ne: "Injiniyana, ka turo su Kawu."

Ya kira ta nan take, amma hayaniya ta cika shagon. Muryar Dogo kawai take ji a baya yana buga murfin fanka da sukurdireba kamar ƙararrawar ƙarshen wasa yana ihu, "An tashi! An tashi!"

An ɗaura aure bayan wata uku. Masu kallon Bayan Ƙararrawa suka cika layin, wasu ma ranar suka fara ganin juna ido da ido. Kafin a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira masa su biyun. Ya dubi ango.

"Ga ta nan. Bakinta ba ya ɓoye abin da ke ranta, kai ma haka. Za ku yi musu, na sani, don da shi kuka fara. Ku yi shi da ladabi, kada ɗayanku ya nemi kayar da ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai gaskiya."

"Amin, Baba," suka ce tare.

A mota, tana share hawaye, ya matso ya rage murya.

"Rafalina, yau dai kin yarda na ci?"

Ta kalle shi ta gefen mayafi. "Ka ci, Injiniyana. Amma maganar Ɓauna tana nan, bai cancanci bel ba."

Ya yi dariya har direba ya waiwayo. "Muna da sauran rayuwa mu yi wannan musun."

Allah ya bar su tare, ya sa musunsu ya tsaya a kan 'yan wasa.