Ki Fitar da Yarinyar Nan

"Ki kai ta ruga wurin Baffanki. Kwana biyu kawai, Nafina..."

Nafi ta dubi Maharazu tun daga hularsa har takalmansa masu sheƙi.

"Wa zan kai ruga?"

"Ɗela mana. Kafin dangina su zo gaisuwar neman aurenki su koma. Kin san halin Iya..."

"Ban san shi ba. Naka nake son sani."

Ɗela na zaune a kusurwar zauren tana jera ɓawon gyaɗa a layi, tana rausaya gaba da baya. Shekararta shida, ba ta taɓa buɗe baki ta ce Inna ba. Ba ta kallon mutum cikin ido, in ƙara ta yi yawa sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu. Mutanen Magariya, da yake kowannensu likita ne, sun daɗe da yanke hukunci: 'yar ruwa ce, aljanu suka musanya ta tun tana cikin zanen goyo. Da wannan hujjar ubanta ya sallami Nafi. Wani likita ne a Damagaram ya ce halitta ce, sunanta otizim, babu aljani babu maita.

Ta wannan ƙofar Maharazu ya shigo rayuwarta. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma shi ke riƙe da kulob ɗin rediyo na gari. Yakan yi yawo da akwatin naɗar magana, ya ɗauki muryoyin mutane ya aika Yamai, ranar da za a saka a taru a saurara. Ya zauna a zauren nan ya naɗi labarin Ɗela, har da hawayensa.

Nafi ta so shi. So mai zafi, irin na macen da ta riga ta cire rai.

"Hasken idona, ki fahimce ni. Yakura ce ta kai wa Iya gulma, wai abin a jininku yake."

Yakura 'yar ƙanwar Iya ce, an daɗe ana yi mata tanadinsa.

"To me ka ce wa Iyar?"

"Na ce... na ce yarinyar ba a hannunki take ba."

Nafi ta yi wata gajeriyar dariya.

"Sannu, Malam. Sai da safe."

Duk da haka zuciya ba ta da kunya, ta yi ta nema masa uzuri. Tsoron uwa ne. Zai gyara. Ranar Laraba za a saka shirin, in ya ji muryarsa da kunnensa ai zai tuna abin da ya faɗa.

Larabar, bayan la'asar, filin lakwal ya cika. Maza a gaba kan benci, mata a baya kan tabarmi, Iya da Yakura a tsakiyarsu sun sha lalle. Rediyo na bisa tebur, Maharazu na tsaye kusa da shi cikin farar riga kamar shi ya ƙera shi.

Nafi ta shigo riƙe da hannun Ɗela. Matan suka janye zannuwansu, wata ta tofa addu'a ta rufe fuskar jaririnta.

Muryar Nafi ta fito daga akwatin, tana ba da labarin yadda aka ce ta kai 'yarta bakin tafki ta juya baya. Nan take tausayi ya sauko wa jama'a.

"Allah sarki!"

"Kai, mutane ba su da imani!"

Mai cewa haka ita ce wadda ta rufe fuskar jaririnta.

Sai ga muryar Maharazu, mai daɗi, a natse: "Jama'a, yaran nan namu ne. Kada mu ɓoye su a ɗaka. Mu fito da su cikin mutane..."

Wani dattijo ya ce a ƙara murya. Aka murɗa, akwatin ya yi wata ƙara mai tsinin gaske.

Ɗela ta toshe kunnuwa ta kwantsama ihu. Ta faɗi ƙasa tana buga ƙafa.

Yakura ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Iya, ga fa jikar taki! Wadda aka ce ba a hannunta take ba!"

Iya ta kafe ɗanta da ido.

Nafi ta durƙusa ta rungume Ɗela, ta ɗago kai.

"Malam, rage ƙarar kaɗan. Yanzu za ta yi shiru."

Hannunsa na kusa da maɓallin. Ya dubi Iya, ya dubi manyan da ke kan benci.

"Baiwar Allah," ya ce, "ki fitar da yarinyar nan. Mutane na sauraron abu mai muhimmanci."

Baiwar Allah!

A bayansa muryarsa na ci gaba da roƙon jama'a su ji tsoron Allah.

Nafi ba ta yi kuka ba. Ta lalubi son nan a ƙirjinta ta tarar babu shi, sai wani raini mai sanyi. Ta ɗauki Ɗela, ƙatuwa da ita, ta goya ta da mayafinta, ta ratsa ta gaban bencin maza.

Washegari da hantsi ya zo zaure, ido jawur.

"Nafina, ki yafe mini! Kunyar mutane ce ta kama ni. Na roƙi Iya, ta yarda, in dai Ɗela za ta zauna wurin Baffa..."

"Ka gama?"

"Wallahi ina son ki!"

"Na yarda. Ɗela ma ka so ta, ranar da take cikin akwatin rediyo." Ta gyara mayafinta. "Tashi ka tafi, Malam. Lokacin da take zama a zauren nan ya yi, kuma ba ta son baƙi."