Turken Mista Alban

Rana ta yi sanyi sa'ad da Verlyn ta gangara shagon Tanti Ina sayen kifin gishiri da sabulu, ranta a ɓace tun daga gida. Yau ma karenta Kaptin ya ƙi cin abinci. Ta dafa masa wuyan kaza da shinkafa, ya shinshina ya kau da kai, shi da a da har kwanon yake neman haɗiyewa.

Saboda karen nan ta baro St George's, babban birnin tsibirin, inda take ɗinkin kayan 'yan makaranta. Mai gidan da take haya a can ta ce mata ta zaɓa, ko ɗaki ko kare. Ta bi gari lungu-lungu tana neman wuri, duk wanda ya ji kalmar kare sai ya yamutsa fuska kamar ta ce da kuturta za ta tare. Tana cikin wannan takaici wani Mista Alban Noel, mai gonar koko a kan tudu sama da garin Gouyave, ya kira ta a waya da kansa. Gida ne ɗaki biyu, rufin kwano, ga tankin ruwa, kuma ana maraba da karnuka. Bai tambayi sana'arta ba, bai tambayi danginta ba. Karen ya yi ta tambaya: babba ne, yana haushi sosai? Sharaɗinsa ɗaya ne, kafin rana ta faɗi a ɗaure shi a turken ƙarfen da ke bakin gonar koko har gari ya waye, wai saboda kajin maƙwabta. Tun da ta tare, ko gashin kaza ba ta gani a tudun ba.

"Yaya jikin mijin naki?" in ji Tanti Ina, tana naɗe kifin a takarda. Haka mutanen ƙauyen ke kiran Kaptin don su tsokane ta.

"Tanti, yau ba na jin wasa. Ƙarewa yake yi a gabana. Mai maganin dabbobi ya duba, ya ce bai ga komai ba."

Tsohuwar ta daina dariya. Ta leƙa ƙofa, sannan ta rage murya.

"A turken nan kike ɗaure shi?"

"To a ina? Mai gida ne ya ce."

"Malamin makarantar da ya zauna kafin ke, baƙar karya gare shi. Kafin shi wasu Turawa, da karnuka biyu kamar maruƙa. Duk a tudun nan aka binne su."

"Me ya kashe su?"

"Ni kifi nake sayarwa, 'yar nan. Karɓi, ki yi sauri, rana na tafiya."

Verlyn ta kama hanya tana huci. Ashe duk garin sun sani, suna kallonta tana wucewa da safe suna mata barka da zuwa! Hanyar ta bi ta gaban gidan Mista Alban, wanda ke ƙasa da nata kaɗan. Gari bai yi duhu ba, amma ya kunna kowace fitila a gidan, har ta kan bishiyar mangwaro. Yana zaune a baranda da kwalbar giyarsa. Sai a lokacin ta lura cewa mutumin da ke son karnuka haka ba shi da ko ɗaya.

"Mis Verlyn! Kin ɗaure shi kuwa?"

"Na ɗaure. Karnuka nawa suka mutu a gidan nan, Mista Alban?"

Ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙoransa ba.

"Bakin Ina ke nan, ba ya hutawa. Kaska ce, daji ne nan."

"Karena ba shi da kaska ko ɗaya. Ni nake masa wanka."

"Sharaɗi dai sharaɗi ne. In gidan bai yi miki ba, akwai masu jira."

Ta yi tsaki mai ƙarfi don ya ji, ta wuce.

Kaptin yana kwance a gindin turken, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya ɗaga jela sau ɗaya ya ajiye. Kwantsa ta cika masa idanu. Verlyn ta ajiye ledarta, ta tsuguna, ta sa babban yatsa ta share masa. Baƙin ciki ya rufe ta, na mai gidan birni, na mutanen ƙauye, na wancan mai dariyar ƙarya. Hawaye ya zubo mata, ta kai hannu ta goge ido da yatsan nan.

Idon hagu ya ɗauki raɗaɗi.

Sai a sannan ta tuna. Babu yaron da ya tashi a tsibirin nan da kakarsa ba ta ja masa kunne ba: kada ka yarda kwantsar kare ta shiga idonka, za ka ga abin da kare ke gani. Ta sha yin dariyar maganar. Ta kama gefen riga tana murza idon, raɗaɗin na ƙaruwa.

Kwaɗin da ke ta ƙara a cikin ayaba suka yi tsit gaba ɗaya.

Iska ta tsaya. Warin ƙwayar koko da ake shanyawa, wanda ta saba da shi, ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar taba.

Ta buɗe idon.

Da na dama, fili ne da turke da Kaptin. Da na hagu, karnuka ne kwance kewaye da turken. Ga baƙar karya. Ga manya biyu masu faɗin ƙirji. Ga wasu ƙanana da ba wanda ya ba ta labarinsu. Kowanne da igiya a wuya, kowanne ƙashi da fata. Ba sa numfashi. Duk sun zuba wa gonar koko ido.

Busasshen ganye ya yi ƙaras. Ya sake yi, kusa.

Wani tsoho ya fito daga cikin itatuwan. Baƙar kwat ce a jikinsa, irin wadda ake binne mutum da ita, ƙasa ta manne a kafaɗunta. Ba takalmi. Farin ƙyallen da aka ɗaure masa haɓa da shi ya zame zuwa wuya, bakin ya saki. Ta san fuskar. Ranar da ta je karɓar makulli ta gan ta a bangon falon Mista Alban, ya ce mata mahaifinsa ne.

"Alban," in ji tsohon, a hankali, kamar ana jan buhu a kan siminti.

Ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan fitilun da ke ƙasa. Wata siririyar hanya, wadda idon dama bai taɓa nuna mata ba, ta fito daga gonar, ta bi ta gindin turken, ta gangara har barandar ɗansa.

Kaptin ya miƙe, ƙafafunsa na rawa. Ya tsaya a tsakiyar hanyar. Ya yi haushi da 'yar muryar da ta rage masa.

Tsohon ya tsaya. Ba zai iya wuce kare ba.

Ya durƙusa. Ya kama bakin Kaptin da hannu biyu, ya kai nasa kusa, ya ja iska mai tsawo.

Ƙafafun karen na baya suka naɗe.

Nan Verlyn ta gane komai. Ba don kuɗin haya mutumin can ya ba ta gida ba, shinge ya nema. Ya zauna a baranda yana shan giyarsa, karnukan bayin Allah suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya don kada ubansa ya iso shi. Tsoro na nan, amma fushi ya fi shi yawa.

Addar da take fasa kwakwa na jingine a jikin tanki. Ta fizge ta. Ta kama igiyar.

Hannun tsohon ya riƙe mata wuyan hannu.

Sanyi ya ratsa ta har haƙori. Yatsunta suka fara saki. Fuskar ta juyo, warin ƙasa ya cika mata hanci.

"Wa ke tare min hanya?"

Ta ƙara damƙe addar.

"Ba ni ba," ta ce da raɗa. "Ba kuma karena ba. Ga ɗanka can."

Ta mayar da addar hannun hagu, ta sara.

Igiyar ba ta yanke ba.

Ta sake sara. Numfashinta na bin na tsohon, tana jin yana fita daga ƙirjinta kamar ana zare zare.

Sara na uku, igiyar ta tsinke.

Ta faɗa kan Kaptin, ta mirgina da shi gefe. Hannun ya sake ta. Ta ji ƙaras, ƙaras na ƙafa ya wuce ta, a bayansa kuma ƙarar ƙananan farata masu yawa, duk suna gangarawa.

Ba ta tsaya kallo ba. Ta rungumi karen, ta kutsa cikin ayaba, ganye na marin fuskarta, takalmi ɗaya ya tsaya a laka. Tana isa titi ta waiga. Fitilun gidan Mista Alban suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ji ihu.

Tanti Ina na rufe shago ta gan ta.

"Tsaya nan! Juya, da baya za ki shigo, kada wani abu ya biyo ki."

Verlyn ta juya ta shiga da baya, karen a ƙirjinta, zuciyarsa na bugawa a hankali a jikin tata.

Kaptin ya rayu. Ya dawo da cinsa, ya yi ƙiba, amma bai sake haushi ba ko sau ɗaya. Verlyn ta kama ɗaki a Gouyave kusa da teku, wuyan hannunta na dama kuma bai daina sanyi ba ko da rana tsaka. Idon hagu ma bai warke ba, ta dai koyi runtse shi in za ta wuce maƙabarta.

Mista Alban bai mutu ba. Ya rame, ya daina barci, yana bin gida-gida yana roƙon a sayar masa da ɗan kwikwiyo, ba mai ba shi. Wata Asabar suka yi kiciɓis a ƙofar kasuwar kifi, wurin da mutum biyu ba sa iya wucewa tare. Ya ga idonta na hagu yana kallon bayan kafaɗarsa.

"Mis Verlyn, don Allah ki faɗa min. Yana nan?"

Ta gyara riƙon kwandonta.

"Ku matsa min ku biyun," ta ce. "Kun tare hanya."