Ranar da Inna Ta Leƙa Madubin Dakta

Firijin ɗakin bincike ne ya haɗa su. Da hantsi ya tsaya cak, alhali cikinsa akwai ƙwayoyin ciwon daji da Dakta ta yi shekaru tana tarawa. Mai gyara ya iso ya tarar da ita ta dafe murfin da hannu biyu.

"Malam, don Allah ka yi sauri. In suka narke, na narke."

"To matsa min, ranki ya daɗe. Dafawa ba ta tayar da inji."

Ya gyara. Daga nan sai ya riƙa dawowa duba firijin da lafiyarsa ƙalau. Ma'aikata sun gane, ita ma ta gane.

A bakin ɗalibanta ya ji ko wace ce ita. Ta gano wata ƙwayar gado da ke ba ciwon umarnin yaɗuwa, ta kuma nuna yadda ake toshe mata baki. Masu bincike a ƙasashe da dama da hanyarta suke aiki yanzu, suna ambatonta a rubuce-rubucensu. Ko rabi bai fahimta ba, amma ya tura mata saƙo:

"Farar Rigata, an ce duniya na karanta ki. Ni ma na shiga layi."

"Mai Sanyina, kai ba ka bin layi. Gobe ka zo, amma ka bar akwatin kayan aiki a gida."

Da maganar aure ta taso, daga gida matsala ta ɓullo. Inna, mahaifiyarsa, ita ta yi jinyar ƙanwarta har ciwon nan ya ɗauke ta.

"Auta, yarinyar nan ba ta da aibu. Amma an ce kiwon ciwon take yi, har abinci take ba shi. Da hannun nan za ta dafa maka, da shi za ta ɗauki jikokina? Ban yarda ba."

Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, Inna ko gezau. Da ya gaya wa Dakta, amsarta gajeriya ce:

"Kar ka yi musu da Inna. Tsoronta na gaskiya ne. Ka kawo min ita."

Inna ta zo, ta toshe hanci da mayafi. Aka bar Auta a bakin ƙofa yana zufa. Dakta ta sa mata farar riga da safar hannu.

Inna ta ce, "Kin gani ko? In ba ya kama mutum, me ya kawo safa?"

"Inna, yawanci su nake karewa daga gare mu. Ɗan datti daga yatsa, ko tari guda, sai farantin da suke ciki ya lalace. Sai da ɗumi da lallaɓa suke rayuwa a nan."

Inna ta sauke mayafin a hankali. "Au! Ashe su ke tsorona?"

Dakta ta zaunar da ita gaban madubin da ke ƙara girman abu. Inna ta kanne ido ɗaya ta leƙa, ta ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo manne da juna.

"Wannan ɗan abin ne ya cinye min ƙanwa?"

"Irinsa ne, Inna."

Aka sauya faranti. Waɗannan sun yamutse, sun saki juna, suna yawo a ruwa.

"Su kuma fa?"

"Su na toshe wa baki. Mutuwa suke yi. Bai zama magani ba tukuna, da sauran tafiya."

"Bar ni in ƙara kallo."

Ta daɗe a wurin, hawaye na bin kumatunta. Da suka fito ta ce, "Cire safar nan, 'yata, hannun nake so in riƙe."

Auta ya sauke ajiyar zuciyar da har mai gadi sai da ya waiwayo.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ranar da aka kai amarya, Inna ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya ɗora ki a kan ciwon nan. Kai kuma Auta, duk ranar da ta makara a wurin aiki, ka ɗora tukunya da kanka. Ka bar min ita ta gama da shi."

Ɗaki ya ɗauka da dariya da amin.