Amaryar Ranar Asabar

"Cire mini kambun nan, Senya... kaina zai tsage!"

Ya sa hannu ya zare, ya miƙo mini.

Karo na ɗari da sha biyu ke nan ana aurar da ni ga Arseniy, wato Senya, a tsakar gidan tarihin garinmu. Duk Asabar, in ruwa bai daskare ba, jirgin ruwa zai sauke baƙi a bakin Kogin Volga, mu yi musu wasan bikin aure irin na kakanninmu, ni cikin jar riga, shi da takalmin ɓawon itace. Mu gatsi burodi da gishiri, su tafa, su sayi zuma su wuce.

Na gaji. Ina son mutumin nan kamar raina, shi kuwa da an watse sai ya koma sassaƙar tagoginsa, ko zancen so bai taɓa yi mini ba.

"Shekara huɗu kina amaryar hoto, Tasya!" in ji Mama da safe. "Ƙanwata ta samo miki aiki a birnin Yaroslavl. Jirgin yau ne na ƙarshe kafin kogi ya daskare, shi za ki bi."

Zlata mai yankan tikiti har ta yi wa tela maganar rage wa rigar ƙugu, wai baɗi ita ce amarya.

Na ninke rigar, na kama hanyar gaɓa. Jirgi ya yi kukan farko.

"Taisiya..."

Na juyo da jin cikakken sunana. Senya ne yake haki, ko takalmin wasan bai cire ba.

"Yau ka tuna kana da baki?"

"Duk maganar da ake wa mace na faɗa miki ita a gaban baƙi, har ta tsufa. In na maimaita za ki ce wasa ne. Na nemi wata, na rasa."

"To faɗi mara daɗin!"

Ya sunkuyar da kai.

"Murhuna yana hayaƙi. Rufina yana yoyo ta gefen gado. Ba ni da abin nuna wa kowa... ki zauna, Tasya. Ki aure ni."

Hawaye suka ɓalle mini. Na riƙe hannun rigarsa, na gyaɗa masa kai.

Jirgi ya janye daga gaɓa da akwatina a ciki, don tun rana Mama ta loda shi. Ta hauro tudu a hankali, ta dubi Senya sama da ƙasa, ta daɗe tana sauke numfashi.

"Gobe ka hau mota ka ɗauko mata kayanta," ta ce. "Kuma ka gyara rufin nan tukuna. Ba zan kai 'yata ɗakin da ke yoyo ba."