Ƙullin da Kolusu Ta Bari a Teku

Rana na shirin faɗuwa, Pattumma na bakin murhu tana tace ruwan tsamiya, sai ta lura 'yarta Kolusu ta shigo gida hannu babu igiya.

A garinsu mata ne ke nutso su tsinko ciyawar teku. Kowace safiya tsohuwa Naciya kan yi tofi a igiyar kaba, a ƙulla ta a gindin baƙin dutsen da ke tsakiyar ruwa. Bakin shak, manyan kifayen nan masu cin mutum, ya ɗauru ke nan, mata su yi aikinsu lafiya. Da la'asar, wadda ke da aikin ranar ta nutsa ta kwance, a fizgo ta cikin kwalekwale nan take. Kifayen nan dabbobin wata aljanar ruwa ne, ba a kuma hana dabbar mutane cin abincin dare. Wadda ta bar ƙulli ya kwana, ita ake nema.

"Ina igiyar?"

"Na bar ta, Inna. Gobe mu riga kowa shiga ruwa, ba sai mun jira Naciya ta gama tarinta da tofinta ba."

Pattumma ta zabga mata ludayi a kafaɗa. "Ke da uban wa kika yi wannan shawara? Shashasha! Zauna nan. In kika leƙa ƙofa, ni zan cinye ki kafin su."

Maza sun riga sun fita su da kwalekwale duka. Pattumma ta kwashe ɗanyen kifin da za a yi miya da shi ta zuba a kwando, ta ɗaura a ƙugu, ta tamke zaninta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba za a ce a garin nan 'yar Pattumma ta bar ƙulli ba.

Ruwan bakin gaɓa da ɗumi. Tana yin nisa ya koma sanyi ƙalau, yana ƙarni irin na mahauta. Can bayanta aka kira sallar magariba, muryar ladan siririya, iska na yanka ta.

Wani abu ya goge cinyarta. Kaushi gare shi kamar dutsen niƙa.

Wani ya bangaje ta ta hagu.

Ta ji su ta cikin ruwa, haƙora na gugar haƙora, baki ya ƙi buɗuwa. Suna da yawa. Suna tura ta da hanci, suna kewaya ta. Ta ci gaba da iyo, ba ta kalle su ba.

A kan dutsen akwai mace zaune, ta ba ta baya. Gashinta ya sauko har cikin ruwa, yana motsi alhali iska ta tsaya.

"Kin makara, uwar ɓarauniya." Muryar ƙasa-ƙasa, kamar ana jan tsakuwa.

"Na dai zo," in ji Pattumma cikin raɗa.

"Ba ke nake jira ba."

"Ni kika samu."

Matar ta fara juyowa. Pattumma ba ta tsaya ganin fuskar ba, ta ja numfashi ta nutsa.

Duhu. Ta lalubo igiyar. Ƙullin ya sha ruwa ya kumbura. Farce ya kasa.

Ƙirjinta na wuta. Ta sa haƙori.

Ya warware.

Gugar haƙoran ta tsaya cak.

Ta tsinke kwandon daga ƙugunta, ta taso, ta wurga shi can wajen zurfi da iya ƙarfinta. Ruwa ya tafasa a wurin. Ita kuwa ta juya gaɓa, hannu da ƙafa, ba salati ba ihu, numfashi kawai.

Ɗaya bai bi kwandon ba.

Ta ji ruwa na turo ta daga baya.

Gwiwarta ta bugi duwatsun bakin gaɓa. A daidai nan aka kama diddigenta, aka girgiza sau ɗaya, aka saki. Ta ja ciki a kan duwatsu masu kaifi har yashi, jini na bin ta.

Muryar ta biyo iska, dab da kunnenta.

"Sun ɗanɗana. Jininku ɗaya da ita."

Ƙafar ta warke, rabin diddige babu. Kolusu ta ce a bar ta ta karɓi aikin uwarta. Ranar da ta fara sa ƙafa a ruwa, ga ƙullin Naciya sabo a dutse, sai fikafikan bayan kifayen suka taso a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, suka jeru suna fuskantar ta. Da gashi Pattumma ta jawo ta waje, washegari ta sa ta a mota zuwa wurin gwaggonta a garin Paramakudi, nesa da teku.

Pattumma, wadda babu macen da ta kai ta daɗewa a ƙarƙashin ruwa, yanzu shanyar ciyawar wasu take yi a kan yashi. Kolusu ta yi 'ya'ya a can cikin tudu, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Duk sanda ta aiko tana roƙon zuwa ganin gida, amsar uwar ba ta sauyawa: ta zauna inda take, har yanzu suna zuwa bakin gaɓa da magariba.