Babu Sauran Haske

"Ka tafi bikin ƙanwarka, don Allah! Mama ta kira sau nawa?"

"Ba inda za ni, Hasken raina."

"Kullum ni ce ke raba ka da danginka..." matarsa ta faɗa, ta juya masa baya. A haka nas ta tura gadonta zuwa ɗakin tiyata, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ya zauna a bencin baranda shi kaɗai tilo. Dangi kaf suna wurin biki, iyayenta kuwa sun daɗe da rasuwa. Wayarsa ta yi ƙara. Mama ce.

"Kai ne babban wa, kuma kujerarka ce babu kowa? Ka kyauta!"

"Mama, in na taso wa za ta gani in ta farka?"

Ƙit, ta kashe. Kaɗaici ya danne shi.

Bara ma an yi wa matarsa aikin ciwon daji, ashe ciwon ya ɓoye saura, ya dawo. Wannan karon likita ta yi mata allura tun shekaranjiya. Ta ce sinadarin garkuwar jiki ne da ke bin ƙwayoyin dajin kaɗai ya manne musu, in an haska fitila ta musamman sai su yi haske, a gani a cire.

Ikon Allah! Shi mai gyaran wutar lantarki, da kullum ake yi wa godiya in ƙwai ya kama, yau ga shi yana roƙon duhu.

Da ƙofar ɗakin tiyatar ta buɗe, likita ta fito, ya tashi ya tare ta.

"Mun sami wani ɗan mitsitsi a bayan hanji, ido ba zai taɓa ganinsa ba," in ji likita. "Mun cire, mun sake haskawa. Babu sauran haske."

Ya rufe fuska ya yi ta kuka, ba mai lallashi.

Da matarsa ta farka, hannunsa ta fara lalubowa.

"Ba ka tafi ba..."

"Ina zan je, Hasken..." Ya haɗiye sauran da sauri.

"Ƙarasa mana," ta ce a hankali.

"A'a wallahi, na tsorata da sunan nan! Daga yau ke ce Duhun raina."

Ta fara dariya, ɗinkin ya ja ta, hawaye suka zubo, amma ba ta saki hannunsa ba.